Kundin aikin manhajar poka: zubi da hannu mai ƙarfi

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

An buɗe aiki yau a wani shagon gyaran kwamfuta kusa da Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Manhaja ake son ginawa wadda za ta raba karta, ta buga poka irin ta Teksas ita da kanta, sau dubbai, a nau'in da zubinsa ke da iyaka. Tambaya guda za ta amsa: a teburin ƙaramin zubi, inda mutane ba sa son ajiye karta, in hannu mai ƙarfi ya zo maka, gara ka yi ta zubi da ƙari a fili, ko ka yi lumbu-lumbu ka jira su faɗo?

Babu kobo a cikin wannan aiki. Caca haramun ce, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta rufe wannan babi, kuma Malam mai koyar da lissafi da ke duba mana aikin ya kafa sharaɗi tun kafin a kunna kwamfuta: "Yarana, lissafi muka zo yi. Ranar da na ga naira a kan tabarmar nan, ranar na tashi." Ilimin yiwuwa da ke cikin wasan shi ya ja mu. A Janairun 2015 masu bincike na Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, suka sanar a mujallar Science cewa manhajarsu Cepheus ta warware wannan wasa in mutum biyu ne kaɗai ke bugawa. Tebur mai mutum goma ba a warware shi ba, mu ma ba can muka dosa ba.

Dokokin da za a shigar: karta 52, kowa biyu a rufe, biyar a tsakiya a buɗe, uku tare, sai ta huɗu, sai ta biyar. Zangon zubi huɗu ne. A biyun farko ƙaramin zubi ake yi, a biyun ƙarshe babban zubi, wanda ya ninka ƙaramin, kamar teburan dala 2 da 4 ko 3 da 6 na Amurka. A kowane zango zubi ɗaya da ƙari uku, sai a rufe. Mutum biyun da ke hagun mai raba su ke zubin dole: ƙaramin dole rabin ƙaramin zubi, babban dole cikakkensa. Wanda layi ya zo kansa ko ya zuba, ko ya ƙara, ko ya biya, ko ya wuce (bai zuba ba amma bai fita ba), ko ya ajiye kartarsa ya fita. Abin da ya taru a tsakiya tsibi muke ce masa.

An kashe: kwalin karta biyu naira 1,200, littafin rubutu naira 700, data naira 5,000. Kwamfutar cinya ta gwanjo ce, da ma tana shagon, an sa mata Python. Wake gwangwani biyu daga gida don gwaji da hannu: fari ƙaramin zubi, ja babban zubi.

Laraba, 8 ga Janairu

Sashen da ke auna ƙarfin hannu ya kammala, kuma gwajin farko ya kama shi da laifi. Hanyar gwajin ita ce a sa manhaja ta bi duk haɗin karta biyar da za a iya fitarwa daga 52, su 2,598,960 ne, ta jefa kowanne a ajinsa. Adadin da ya kamata ta bayar sananne ne: jeri (karta biyar masu bin juna) mai alama ɗaya (kamar zuciya duka) 40, huɗu iri ɗaya 624, uku da biyu 3,744, alama ɗaya 5,108, jeri 10,200, uku iri ɗaya 54,912, tagwaye biyu 123,552, tagwaye 1,098,240, sauran 1,302,540 babu komai sai babbar karta.

Tamu ta ba da jeri 9,180, jeri mai alama ɗaya 36, alama ɗaya 5,112. Giɓin da kansa ya tona asiri. Jeri iri goma ne, kowane iri yana da haɗi 1,020, kuma 10,200 a debe 9,180 ya ba da 1,020 cif. Iri guda ne ya ɓace ke nan, A-2-3-4-5, domin an ba A lamba 14 kawai, manhaja ba ta san yana iya saukowa ya zauna ƙarƙashin 2 ba. Huɗun da suka bar jeri mai alama ɗaya su ne suka koma ajin alama ɗaya. Ƙaramin abu ne a ido, amma da an bar shi da duk hannu mai A da ƙaramar karta ya fito da rauni fiye da gaskiyarsa, kuma irin hannun da 'yan ƙaramin tebur ke mutuwar so ke nan.

Alhamis, 9 ga Janairu

An gyara. Lambobi tara duka sun zauna daidai.

Talata, 14 ga Janairu

An gina abokan karawa iri uku. Na farko mai biya: yana shiga da kusan rabin hannayen da aka raba masa, ba ya ajiye tagwaye ko wace iri, ba ya ƙari sai da tagwaye biyu ko abin da ya fi. Na biyu mai tsantseni, yana shiga da manyan karta kawai, yana ajiyewa in ukun farko ba su taɓa shi ba. Na uku mai zafin hannu, wanda ke zubi duk lokacin da aka wuce masa. Tebur na gwaji: masu biya shida, masu tsantseni biyu, mai zafi ɗaya, sai kujera ta goma wadda ake sauya mata dabara. An yawaita masu biya da gangan, domin su ne suka bambanta ƙaramin tebur da babba.

Matsala ta biyu: sakamakon gwajin farko ya fito da kujera ta goma tana cin kowace rabawa. Da aka buga kartocin a allo sai ga K da K a hannunta kullum. Lambar da ke tayar da injin cuɗa karta an sa ta cikin madauki, don haka kowace rabawa injin yana komawa farko ya maimaita cuɗa guda. An fitar da ita waje, sau ɗaya a farkon gudu, kuma ana rubuta ta a littafi don a iya maimaita gwaji.

Lahadi, 19 ga Janairu

Zangon farko, kafin a buɗe komai.

Hannayen farko 1,326 ne, in an haɗe masu kama da juna su koma 169. A da A yana zuwa sau ɗaya cikin 221. In an bi har ƙarshe, yana cin kashi 85 cikin ɗari a kan mutum ɗaya mai karta ko wace iri, kimanin 56 a kan mutum huɗu, kimanin 31 a kan tara. Mutane suna ganin wannan faɗuwa su tsorata, su ce ai a teburin masu biya A biyu ba ta da amfani, gara a shiga shiru. Lissafin bai yarda da su ba. Mutum biyar a wasa, kowa ya zuba ɗaya, an samu biyar. Kasonka na adalci ɗaya ne cikin biyar, kai kuma kana riƙe da 56 cikin ɗari, wato 2.8. Ka zuba 1, ka mallaki 2.8. Kowane ƙari da huɗun nan suka biya ribar 1.8 ce. Gaskiya ne hannayen da suka zaɓi shiga sun ɗan fi karta ko wace iri, don haka kason zai ɗan sauka, amma ba zai kusanci 20 cikin ɗari ba.

Q biyu da J biyu su suka fi kawo gardama. Da K biyu a hannu, A na fitowa a ukun farko sau 22.6 cikin ɗari. Da Q biyu, karta mafi girma na fitowa sau 41.4, da J biyu sau 57. Wato J biyu ta fi yawan ganin abin da ya fi ta a tebur. Duk da haka an bar dokar ƙari a kansu, domin waɗanda ke biya suna shigowa da J-7 da 9-6 da K-4, kuma kuɗin da za a karɓa daga gare su tun yanzu ake karɓarsa, kafin ukun farko su nuna musu ba su da komai.

Dabarar shiga shiru don a sake ƙari in wani ya ƙara ba ta yi aiki a teburinmu ba. Mutum ɗaya ne cikin tara ke yawan ƙari, don haka galibi shirun ne ke wucewa, a buɗe uku da rabin tsibin da ya kamata.

Laraba, 22 ga Janairu

Ba a yi aiki ba. Hazo ya rufe gari, farantin sola bai cika batir ba, wuta kuma babu. An sayi fetur lita uku, naira 3,000 da 'yan kai, janareto ya ja awa kaɗan kwamfuta ta mutu da kanta saboda zafi. Ƙura ce ta toshe fanka. An buɗe an kakkaɓe da burushi, yanzu ana ɗora ta a kan katako biyu don iska ta shiga ta ƙasa, ana rufe ta da zane in an tashi.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau aka taɓa zuciyar aikin, lumbu-lumbu a ukun farko. An shimfiɗa misalin a tabarma da karta da wake kafin a ba manhaja, don a ga ko za su yi daidai.

Kujerarmu na da 8 biyu. Tebur ya buɗe K na zuciya, 8 na zuciya, da 3 na wata alama. Uku iri ɗaya ke nan, abin da mai tagwaye a hannu ke samu sau 11.8 cikin ɗari. Abokin karawa na farko yana da Q da 6 na zuciya, yana jiran zuciya ta biyar. Zukata tara suka rage, amma 3 na zuciya ba tasa ba ce, don in ta fito tebur ya yi tagwaye, mu mun koma uku da biyu. Saura takwas cikin 45 da ba a gani ba. Ko ya samu a ta huɗu, muna da karta 10 cikin 44 da za su juya wasan a ta biyar. An ƙirga duka hanyoyin da karta biyun ƙarshe za su iya zuwa, 990 ne, yana ci a 244. Kashi 24.6 cikin ɗari. Manhaja ma 244 ta bayar.

Wannan mutum ba zai ajiye ba, kuma daidai ne kada ya ajiye. A wasa mai iyaka ba ka da sandar korar mai jiran alama, zubi ɗaya ne kawai a hannunka. Amma duk farin wake da ya sa ka sa, uku cikin huɗu na biyun naka ne, ribar rabin wake ke nan. In ka wuce ya wuce, ya ga karta ta huɗu kyauta, rabin waken nan ya tafi.

Abokin karawa na biyu shi ya fi muhimmanci, kuma shi masu son lumbu-lumbu ke mantawa da shi. Yana da K da 10, tagwayen sama (kartarsa ta yi daidai da mafi girma a tebur), yana jin shi ne sarkin tebur. Hanyar cinsa sai karta biyun ƙarshe duka sun zo masa, K da K, ko K da 10, ko K da 3, ko 10 da 10, hanya 16 cikin 990. Kusan duk abin da ya zuba naka ne. Zai biya a ukun farko, ya biya a ta huɗu, ya biya a ta biyar, in ka ƙara ma ya biya. To me ake ɓoye wa? Lumbu-lumbu an yi shi ne don mutumin da zai gudu in ya ji zubi. Wanda ba ya gudu, wucewar da ka yi masa zango guda ka yafe masa cikin ukun da suka rage, kuma a wannan wasa ba a rama zangon da ya wuce da zubi mai kauri daga baya, tunda girman zubi a ɗaure yake.

Akwai kuma hasara ta uku da ba ta fitowa a lissafin kaso. In zuciya ta uku ta faɗo a ta huɗu, mai K da 10 yana tsorata, kai ma hannunka ya yi sanyi. Zangon da kowa ke son zubi shi ne wanda aka bari ya wuce.

Sharuɗɗan da aka rubuta wa manhaja kafin ta yarda ta lafe, kuma sai sun haɗu duka: tsibi ƙarami ne, abokan karawa ba su wuce biyu ba, tebur babu alama biyu iri ɗaya kuma babu kartoci masu maƙwabtaka, karta ta gaba za ta iya ba wani hannu mai kyau amma wanda bai kai namu ba, sannan mutumin irin wanda zai ajiye ne in an zuba yanzu. Misali K biyu a hannu, tebur K-7-2 alama daban-daban, da mai tsantseni ɗaya. K ɗaya ce ta rage a duniya, da wuya yana da ita. Nan a ba shi karta ya kama wani abu. In mai biya ne a wurin, ko nan zubi ake yi, don zai biya da 7 ko 2 ko A tsirara.

Alhamis, 30 ga Janairu

Gudun farko na dabarun biyu, kai-tsaye da lumbu-lumbu. Kai-tsaye ce a gaba, amma gudu na biyu da wata lambar cuɗa ya rage tazarar sosai. Ba a amince da sakamakon ba tukuna.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Hannu mai ƙarfi amma mai rauni, a tsibi babba. Nan manufar zubi ta sauya: ba tara wake kaɗai ake nema ba, ana so wasu su fita ko su biya da tsada.

Mai raba ya ƙara kafin buɗi, mutum biyar suka shiga da biyu-biyu, tsibi farin wake 10. Muna babban dole da A da J. Tebur J-9-4. Tagwayen sama da babbar rakiya (ɗaya kartar da ke hannu, wato A), mai yiwuwa mu ne a gaba, amma kartoci da yawa na iya kayar da mu. Mai 8 da 7 yana jiran 10, karta 4 cikin 47, wato 43 da 4, yana buƙatar tsibi ya ba shi 10.75 kan kowane 1. Mai 9 da 7 yana da karta 5 na ceto, 42 da 5, yana buƙatar 8.4. In muka zuba ɗaya, tsibi ya zama 11, dukansu biyu suna biya bisa daidai. Mun zuba, amma ba mu sa kowa kuskure ba.

In kuwa muka wuce, layi ya zagaya, mai raba ya zuba, muka ƙara, na tsakiya suna fuskantar biyu a lokaci guda. Tsibi 13, kuɗin shiga 2, wato 6.5 kan 1. Yanzu duk wanda ya biya cikin biyun nan ya yi kuskure, wanda ya ajiye kuma ya bar mana kasonsa. Kwanton ɓauna ke nan, kuma kujera ce ke yanke hukuncinsa. Mai zubin yana damanka, ƙarinka na faɗa wa sauran ninki biyu, ya rage taro. Yana hagunka, in ka wuce ya zuba kowa ya biya ɗaya, ƙarinka sai ya tarar da su a ciki su ƙara ɗaya, tsibi ya kumbura ba wanda ya fita. Na farkon ya dace da tagwayen sama, na biyun ya dace da uku iri ɗaya. In mai ƙarin yana hagunka kuma rage taro kake so, kai za ka zuba masa, shi ya ƙara, ya yi maka aikin.

Inda ya lalace: manhaja ta riƙa kwanton ɓauna ko da mai raba daga cikin masu biya ne. Su kuwa ba sa zubi sai sun samu, don haka zango ya riƙa wucewa babu ko wake, mutum biyar su ga ta huɗu kyauta a tsibi mai 10, mafi munin abin da zai iya faruwa da wannan hannu. An ƙara sharaɗi: kwanto sai in wanda ake jira mai zafin hannu ne, ko shi ya yi ƙarin farko kuma tarihinsa ya nuna yana bin ƙarinsa da zubi. In babu tabbas, a zuba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Bayan sallar Juma'a aka duba dabarar jinkirta ƙari zuwa ta huɗu, inda zubi ya ninka. Mutum biyu suka rage, shi ke fara magana, ya zuba a ukun farko, mu muna da hannun da ya fi nasa nesa.

In muka ƙara nan take ya biya, sannan ya wuce ya biya a ta huɗu da ta biyar, abin da ya fito daga gare shi jan wake 3 ne. In muka biya kawai, ya sake zubi a ta huɗu, muka ƙara ya biya, ya kuma biya a ta biyar, jan wake 3 da rabi. In kuwa ya wuce a ta huɗu, 2 da rabi. Riba rabi, hasara rabi. Jinkiri yana biya ne kawai in zai sake zubi fiye da rabin lokaci. Mai zafin hannu yana yi, a jinkirta masa. Mai biya kuwa sau da yawa zubinsa ɗaya ne ya koma wucewa, a karɓa tun yana bayarwa. Da mutum uku ko fiye a ciki an cire jinkirin gaba ɗaya, sai a yanayi guda: tsibi ya yi girman da ko ninki biyu na ƙaramin zubi ba zai sa kowa kuskure ba, nan ana iya ajiye ƙarin sai ta huɗu don ya faɗa musu da jan wake biyu.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An sauya sashen auna hannu zuwa jadawali. Matakan ƙarfi 7,462 ne kacal a karta biyar, an lissafa su sau ɗaya an adana, yanzu dubawa kawai ake yi. Gudu ya yi sauri ƙwarai.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Karta ta biyar. Babu sauran jira, ko kana gaba ko kana baya.

Dokar zubi a nan: ba yawan cin hannunka ake tambaya ba, yawan cinsa a lokutan da aka biya ka ake tambaya. In ya wuce rabi, zuba. In akwai yiwuwar a ƙara maka, a ɗaga ma'aunin zuwa wajen 55 cikin ɗari. A teburin masu biya wannan ma'auni yana cika da hannaye masu yawa, har tagwayen sama da rakiya matsakaiciya, domin suna biya da tagwaye na biyu da na uku don kawai su gani da idonsu. Sigar farko ta manhaja tana wucewa duk lokacin da karta mai ban tsoro ta fito, alama ta uku ko wadda ke iya cika jeri. An duba rabawar ɗaya bayan ɗaya a allo, sai ga shi a mafi yawansu abokin karawa bai da abin tsoron, tagwayensa ne dai na tun farko, kuma da an zuba da ya biya. An cire wannan tsoro in mutum ɗaya ne ya rage kuma ya wuce mana.

Ƙari a ta biyar ma'auninsa daban. In za a iya sake ƙara maka kuma ka san za ka biya, kana sa biyu ne don cin ɗaya, saboda haka sai kana gaba sau biyu cikin uku.

Sai abin da ya fi daɗe ana muhawara a kai: mai biya ya ƙara mana. Tunda ba ya ƙari sai da tagwaye biyu ko fiye, A biyunmu galibi ta mutu. A ta huɗu, in tsibi ƙarami ne, ajiyewa daidai ne, don biya yana nufin jan wake biyu kafin a ga ƙarshe. A ta biyar da tsibi mai jan wake 10, biyan ɗaya yana buƙatar mu ci sau ɗaya cikin 11 kawai, kashi 9.1. Biyan da bai dace ba wake ɗaya yake ci, ajiyewar da ba ta dace ba tsibin duka take ci. Amma fa mai biyanmu na manhaja ba ya kurari (ƙari da hannu marar ƙarfi don tsoratarwa) ko sau ɗaya, don haka a kansa ajiyewa ce kullum ke fitowa daidai, abin da ba zai yiwu da ɗan Adam ba. Autanmu da ke rubuta wannan sashe ya ce, "Yaya, mun gina waliyyi ne, ba ɗan wasa ba." Za a sa masa kurari kaɗan, sau ɗaya cikin goma, a sake gwadawa, tunda wannan adadi yana dab da 9.1 ɗin.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An gano dalilin rawar sakamakon 30 ga Janairu. Gudun ya yi gajarta. Tagwaye a hannu na zuwa sau ɗaya cikin 17, su zama uku sau 11.8 cikin ɗari, wato sau ɗaya cikin kimanin rabawa 144. A rabawa 10,000 sau 70 ne ko ƙasa da haka ake shiga yanayin da muke aunawa, sauran duk hayaniya ce. In aka ɗauki kaucewar ma'auni (girman rawar sakamako) a matsayin babban zubi 15 a rabawa ɗari, kuskuren gudu mai 10,000 ya kai 1.5, na miliyan ɗaya 0.15. Bambancin da ake nema ya fi 1.5 ƙanƙanta, shi ya sa yake ɓuya.

Gyara biyu. Na ɗaya, a dasa yanayin: a ba kujerarmu hannun da ake so, a sa ukun farko, a cuɗa sauran kawai. Na biyu, a ba dabarun biyu cuɗa guda, karta-karta, a auna bambancinsu a kowace rabawa, ta yadda sa'a za ta faɗa musu daidai. Da wannan tsari kai-tsaye ta tsaya a gaba a duk lambar cuɗa da aka gwada, kuma tazarar tana ƙaruwa da yawan masu biya a tebur. Da aka mayar da teburin masu tsantseni zalla, tazarar ta kusa shafewa.

An kuma shigar da la'adar gida, wato abin da gidan caca ke cira: kashi 10 na tsibi, iyakarta babban zubi ɗaya, kamar dala 4 a teburin 2 da 4. Tana cika ne in tsibi ya kai babban zubi 10, duk abin da ya hau bayan nan ba a taɓa shi. Ƙananan tsibi su ke shan duka, wani dalilin kuma da ke gaba da lafewa. Tun da aka sa ta, jimillar kujeru goma ta koma ƙasa da sifili a kowane gudu, gida kaɗai ke da tabbas. Malam ya sa an buga wannan shafi a takarda zai kai wa 'yan ajinsa.

Talata, 25 ga Fabrairu

Kuɗin da aka kashe zuwa yau: karta da littafi naira 1,900, data 11,500 saboda farashinta ya tashi a wannan wata, fetur 9,200, buga takardu 800. Jimilla naira 23,400.

Za a dakata saboda azumi. Abin da ke jira bayan Sallah: sa wa mai biya kurari, a sake auna biyan ƙari a ta biyar, ba abokan karawa ƙwaƙwalwa, don yanzu ba sa lura cewa kujerarmu ba ta zubi sai da ƙarfi, gwada tebur mai mutum shida, inda dole ke zagayowa da sauri kuma tagwayen sama suka fi daraja, raba A da K daban, tunda sau 32.4 cikin ɗari kawai take haɗuwa da ukun farko kuma ba a rubuta mata dokar sauran lokutan ba. An kwafe manhaja da lambobin cuɗa a filashi biyu, ɗaya a shago, ɗaya wurin Malam. Batirin sola yana buƙatar ruwa kafin a dawo.